Ranar Da Ruwa Ya Daki Kanumfari

"Azza! Azza!! Wai kina ina ne?"

Hilal ya faɗo gidan a guje, igiyar hawan bishiya na rataye a kafaɗarsa, riga ta manne masa sharkaf. Can ya hango matarsa a bakin tudu, ta ɗaga fuska sama, ruwa na zuba a tafin hannunta, ɗaya hannun kuma riƙe da waya tana nuna wa mahaifiyarta ta kiran bidiyo.

"Umma kalli! Wallahi kamar da bakin ƙwarya... har ƙasa ƙamshi take yi!"

"Azza, shanyar fa?!"

Ta juyo da dariyarta. Tana kallon inda yake nunawa, dariyar ta mutu.

Tabarma goma sha biyu ce shimfiɗe a ƙofar gida, cike da kanumfari. Kwana huɗu yana shan rana, gobe za a zuba shi a buhu. Yanzu ga shi nan ruwa na jan sa zuwa kwata.

"Innalillahi... Hilal, na manta..."

"Kin manta! Ƙarfen ma ba ki buga ba?"

Ta dubi guntun ƙarfen da ke rataye a reshen mangwaro, ta dafe baki.

Gidansu ne a kan tudu, shi kaɗai ke kallon teku. Tun zamanin kakan Hilal, duk wanda aka bari a gidan nan lokacin shanya, shi ne idon ƙauye. Da ya ga hadari sai ya buga ƙarfe, mata da maza su fito su naɗe tabarmi, ba a tambayar ta wane ce. Yau Gwaggo Time, ƙanwar mahaifinsa, ta tafi gona, ta bar wa Azza tudun. An kuma yi mata bayani, ba sau ɗaya ba.

To amma Azza 'yar Ibri ce, can cikin ƙasar Oman, inda ake shekara ana ɗaga kai sama ba a ga komai ba. Ranar da aka yi ruwa a garinsu, rufe shaguna ake yi, a cika mota da gahawa da dabino a tafi kallon ruwa yana gudu a kwari. Wata biyu ke nan da suka zo tsibirin Pemba, ƙasar kakannin Hilal, yayyafi kawai ta gani. Yau ne sama ta buɗe da gaske, ita kuwa zuciyarta ta koma gida.

"Nan ba Ibri ba ce!" Hilal ya daka mata tsawa. "Nan ruwa a kan shanya musiba ce! Gida huɗu suka dogara da ke!"

"Na sani... ka yi haƙuri, bari in..."

"Ki yi me? In wasa da ruwa kika zo yi, jirgi na tashi ranar Alhamis. Ki koma inda ake yi masa biki!"

Ya faɗa da ƙarfi. Kuma bai lura ba, mutane sun riga sun hawo tudun, jiƙe da su, suna tsaye a bayansa.

Azza ta share ruwan fuskarta, ta dube shi ido cikin ido.

"Ka faɗa?"

Namiji da taurin kai! Ido ya yi masa yawa.

"Na faɗa."

"To."

Baba Makame, tsohon da shanyarsa ta fi ta kowa lalacewa, ya matse hularsa ya ce, "Ɗan Oman, ashe agwagwa ka auro mana ba ka faɗa ba? Da mun haƙa mata tafki ai."

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo Time ta duƙa, ta ɗebi kanumfarin a hannu, ta murza, ta watsar.

"Zai yi fari, ya yi funfuna. Mayar da ita wajen uwarta har a gama kaka. Wa zai ƙara barin shanyarsa a hannunta?"

Maganar gaskiya, Hilal bai zo Pemba yawon buɗe ido ba. Mahaifinsa na kan gadon ajali ya riƙe hannunsa ya ce, kada gonar kakanka ta koma daji, kada Time ta mutu ita kaɗai. Shi ya sa ya ajiye aikinsa a Maskat, babban birnin Oman. Iyayen Azza sun ƙi, suka ce 'yarsu ba ta zuwa inda sauro ke cin mutum da rana. Ita ce ta tsaya a gaban mahaifinta ta ce, "Inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa."

Kuma ta sa. Kayanta na aure suka yi funfuna a cikin akwati, ta fito da su ta wanke ba ta ce uffan ba. Gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana uku a igiya. Ta zauna kan magogin kwakwa ta yanke yatsu sau nawa, har ta iya. Rogo da madarar kwakwar da take dafawa yanzu, Gwaggo na cinyewa ta suɗe hannu, ko da yake ba ta taɓa yabawa ba.

Wannan ce matar da ya kora a gaban mutane.

Washegari yana saman bishiya yana tsinkar kanumfari, sai ya hango ta tana gangarawa. Butar gahawa a hannu, da kwandon dabinon Ibri, ragowar da take ta lallaɓawa tana cin guda ɗaya a rana. Ta nufi gidan Baba Makame. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri da guntun harshen garin da ta koya. Sannan ta ja tabarma gabanta, ta shiga tsince wanda ya lalace daga mai kyau.

Ɗaya bayan ɗaya! Kanumfari fa, abin da bai kai ƙwayar wake ba!

Tun hantsi har la'asar tana duƙe. Ta gama nan ta wuce gida na biyu. Man kanumfari na da zafi, yana shiga duk inda fata ta tsage. Kafin kwana biyu yatsunta sun yi baƙi, sun farfashe. Da Hilal ya gani a lokacin cin abinci, sai ya ajiye lomar, ya janye hannu daga kwanon.

Ranar Laraba da azahar ya tare ta a ƙarƙashin mangwaro.

"Azza... hasken idona..."

"Matsa, ana jirana a gidan Bi Mgeni, nata kanumfarin ne ya rage."

"Dubi hannunki."

"Nawa ne."

"Ki bar aikin nan haka. Ba wanda ya sa ki."

"Shi ya sa nake yi."

"To batun gobe... ai kin san ɓacin rai ne..."

Ta ajiye butar. Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta karye ba.

"Ni na ɓata kanumfari, na bi masu shi gida-gida. Kai ma ka ɓata wani abu, Hilal. A gaban mutane ka ɓata shi. Yanzu kuma a bayan bishiya kake so ka gyara?"

Ta ɗauki butarta ta wuce.

Ya juya wajen Gwaggo, ya same ta tana gyaran kifi.

"Gwaggo, ki bari ta zauna."

"Ni na aure ta?"

"Ke kika ce a mayar da ita."

"Ni na ce a mayar, kai ka ce ta koma. Ba ɗaya ba ne." Ta yar da ƙayar kifin a ƙasa. "In kana so ka bi ta, bi ta. Gona ba ta da baki, ba za ta kira ka ba. Ni ma ba zan kira ka ba."

Nan ya tsaya kamar an dasa shi. In ya bi Azza, ya ci amanar mahaifinsa. In ya zauna, gidan ya zame masa kango. Kalma ɗaya ce za ta raba gardama, kuma ya san ta, amma faɗarta a gaban su Baba Makame ya fi masa hawan bishiyar da ta fi kowace tsayi wuya.

Alhamis da safe motar Mkoani, garin da ake hawan jirgin ruwa, ta tsaya a bakin hanya, direba ya ɗaure akwatin a sama. Gwaggo ta gangaro rakiya tana dafe da gwiwa. Rana ta fito tas, gefen titi duk tabarmi, ƙamshin kanumfari ya cika ko'ina, ganyen ayaba na sheƙi. Azza ta zauna a bakin benci tana kallon waje. Hilal na zaune a gefenta.

Mota ta tashi. Suka wuce masallaci, suka wuce rijiya, suka kai inda itatuwa ke buɗewa a ga teku.

Sai ya ji ta ƙanƙame masa hannu.

"Hilal... wa ke kan tudu?"

"Ba kowa. Gwaggo na ƙasa."

"Kalli can!"

Wani baƙin hadari ne ya haɗo a kan ruwa.

"Tsaya! Direba tsaya!!"

Motar ba ta gama tsayawa ba ta dire. Takalmi ɗaya ya suɓuce mata a titi, ta wurgar da ɗayan, ta tattare doguwar rigarta ta kama hawan tudu ƙafa ba komai. Hilal bai taɓa sanin matarsa na da gudu haka ba. Ya bi ta yana haki, bai cim mata ba.

Kafin ya kai rabi, ƙarfe ya ɗauki ƙara. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Kamar za ta tsinke shi daga reshen.

"Ruwa! Ruwa!! Ku fito!!"

Ƙauye ya hautsine. Mata suka bar tukwane a wuta, maza suka zamo daga bishiyoyi. Azza ta sake gangarowa, ta wuce shanyar gidansu ko kallo ba ta yi ba, ta faɗa kan ta Baba Makame tana naɗewa da waɗannan yatsun nata. Direba ya yi ta danna oda, da ya gaji ya kwance akwatin ya dire a gefen titi.

"Jirgi ba ya jiran uban kowa!" Ya ja motarsa.

Cikin ɗan lokaci babu tabarma ko ɗaya a waje. Kowa ya raɓe a ƙarƙashin rumfa yana haki, ana kallon sama.

Aka jira.

Aka ƙara jira.

Hadarin nan ya yi ta tafiya a hankali, ya bi ta kan teku, ya wuce abinsa. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Rana ta ci gaba da dukan ƙasa.

Shiru. Wani zakara ya yi cara.

Baba Makame ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"Wayyo ni! Da aka yi ruwa ta yi shiru, da ba a yi ba ta tara gari! Miyata na can ta ƙone!"

Sai kowa ya ɗauka. Azza ta tsaya a tsakiya, ƙafa duk ƙura, babban yatsanta na jini. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

Hilal ya ratsa mutane ya je gabanta. Wannan karon ma ido ya yi masa yawa. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, a cikin ƙurar nan.

"Ku saurara!" Dariya ta tsaya. "A gabanku na kori matar nan, a gabanku nake janyewa. Ni ne mai laifi. Ta baro uwa da uba saboda ni, ni kuwa na kasa ɗauke mata kuskuren rana ɗaya." Ya ɗago kai ya dube ta. "Azza... zuciyata... kada ki tafi. In kin tafi, wallahi ban san abin da zan yi da tsibirin nan ba."

Ta janye mayafin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mota ma ai ta tafi, wawa..."

"Akwai wata ranar Asabar."

"So kake in hau?"

"In kin hau, a gabanta zan kwanta!"

"Tashi, Ɗan Oman," in ji Baba Makame yana share ƙwalla. "Kana zubar mana da mutuncin maza. Amma ka yi daidai."

Gwaggo Time ta ƙaraso tana ɗingishi. Mutane suka ba ta hanya. Ta dubi ƙafar Azza, ta dubi yatsunta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kama kafaɗarta ta juya ta wajen teku.

"Kin ga ta inda ya taso? Wancan na masunta ne, ba namu ba. Namu ta wannan gefen yake zuwa, kuma sai kin ji iska ta yi sanyi a wuyanki tukuna."

"Na ji, Gwaggo... ku yi haƙuri, na sake..."

"Ni da na fara, sau uku na tara gari a banza. Tambayi wancan mai dariyar." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Gobe da sassafe ki hau tudu. Gwiwata ta gaji, 'yata."

Azza ta faɗa jikinta ta fashe da kuka. Gwaggo ta tsaya ƙiƙam, can dai ta ɗora hannu a bayanta tana bubbugawa.

"Kukan ya isa haka!" Baba Makame ya yi ihu. "Wanda ya naɗe min tabarma ya zo ya shimfiɗa min, rana na wucewa!"

Hilal ya kama baki ɗaya, Azza ta kama ɗayan. Ya dube ta, ta harare shi da jajayen idanu, murmushi na neman ƙwace mata.

"Ja da kyau mana, malam."

"Ina ja, ranki ya daɗe," ya ce. "Ba zan ƙara saki ba."