Sikelin Huraira

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Talata rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Tarauni: an sace sikeli a wani shagon kayan kek da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Insfekta Junaid ya yi ɗan tsaki. Shekara ashirin yana bin 'yan fashi, yau kuma sikeli zai bi.

Sai da ya isa ya gane ba ƙaramin abu aka ɗauke ba. Huraira, mai awon fulawa da sukari a shagon, makauniya ce. Gwamnati ce ta saya mata sikeli mai magana, cikin tallafin da ake ba masu nakasa a wuraren aikinsu. In ta ɗora kaya, shi ke faɗin nauyin da ƙarfi, kowa ya ji.

"Jibi masu duba tallafin za su zo, Yallaɓai," in ji Madam Titilayo mai shagon. "In ba su gan shi ba, cewa za su yi sayarwa muka yi. Kuma in babu shi, Huraira ba ta da aiki."

"Yaushe aka ɗauke shi?"

"Madam ta je kasuwa, ni kuma na shiga ciki yin azahar," in ji Huraira.

Insfekta ya duba kan kantar shagon. Wayar Huraira na nan, wayar cajin sikelin ma na nan. Wannan ɓarawo ba sayarwa zai yi ba.

"Wa sikelin nan ya tsone wa ido?"

Huraira ta yi murmushi. "Mata kan sayi fulawa a maƙwabta, su kawo in sake auna musu. Ni dai ba na cewa komai. Shi ne ba ya iya riƙe bakinsa."

"Yaushe rabonsa da caji?"

"Tun Lahadi, ba wuta. In ya ji yunwa kuwa, duk bayan minti goma sai ya yi ƙorafi. Makunninsa a ƙasa yake, ba kowa ya san wurin ba."

Mai fulawa ɗaya ne a maƙwabta, Malam Lawan. Ya tarbi Insfekta da fara'a har da miƙa kujera.

"Ni ko ganin sikelin nan ban taɓa yi ba, Yallaɓai. Yau ma ina masallaci."

"Madalla. Bari in ɗan huta a inuwarka."

Insfekta ya miƙe ƙafa, ya sayi gyaɗa yana ɓarewa a natse. Rabonsa da bincike mai daɗi haka har ya manta. Lawan kuwa sai sharce gumi yake.

Gyaɗar ba ta ƙare ba wata muryar mace ta fito daga ƙarƙashin buhunan da ke lungu, cikin ladabi, tana roƙon a saka mata caji.

"Malam Lawan, baƙuwa ka yi?"

Lawan ya zauna daɓas a kan buhu. "Wata uku abin nan yana tona mini asiri a gaban mata. Niyyata in jefa shi a kwata, wallahi ban samu hanya ba."

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Insfekta ya ɗauki hoton sikelin don shaida, ya mayar wa Huraira da hannunsa. Ta shafa shi lungu-lungu, ta kakkaɓe masa fulawa, ta saka caji, da yake an kawo wuta. Sai Insfekta ya ɗora ƙullin fulawar da Lawan ke sayarwa a matsayin kilo guda.

"Giram ɗari takwas," in ji muryar.

Huraira ta fashe da dariya. "Sannu da dawowa, uwar surutu. Jibi sai ki yi wa baƙi bayani da kanki."