Humrar da Ba Ta Kai Magarya Ba

An kwana ana yayyafi a Kazaure. Da gari ya waye, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa ya lulluɓe kawunan duwatsu. Insifekta Mele Hussaini yana tsaye a tagar ofishinsa yana kallon su, shayinsa ya huce bai sani ba, sai Sajan Musaddiƙ ya yi sallama ya shigo da wata matashiya riƙe da waya.

Kafin ta zauna wani ƙamshi ya riga ta cika ofishin. Mele ya ɗan lumshe ido. Rabonsa da jin irinsa tun yana yaro, a ɗakin mahaifiyarsa, ranar Juma'a idan ta buɗe akwatin kayanta.

"Sunana Lubna, Yallaɓai. Humra da turaren wuta nake sayarwa ta waya. Kakata Yagana ce take haɗawa, ni kuma ina tallatawa."

"Me ya faru?"

Maimakon ta amsa sai ta danna wayar. Muryar wata mata ta fito da Hausar mutanen Nijar, tana faɗa tana haki, tana cewa bikin ɗiyarta ya matso, ba kaya ba labarinsu, kuma za ta shaida wa duk matan Magarya cewa Lubna 'yar damfara ce.

"Kwali guda na aika mata," in ji Lubna. "An ce kwastam sun riƙe a Babura, wai an sa sabon haraji. Na tambayi nawa ne, an ce a jira. Har yau ana jira."

"Wa ya ce an riƙe?"

"Rilwanu direba. Shi yake kai mana kaya Babura, ya damƙa wa Alhaji Maikasuwa, shi kuma ya tsallakar da su."

"Me zai hana a haɗa mata wata humrar?"

Lubna ta sunkuyar da kai. "Idon Kaka ya tafi, Yallaɓai. Wannan ce ta ƙarshe da ta haɗa da hannunta. Ni na gwada, ba ta fita haka."

Mele ya ɗauki hularsa.

A tashar Babura da ke cikin Kazaure suka sami Rilwanu yana goge gilashin motarsa. Siriri ne, mai sanyin murya, idanunsa kamar na wanda bai gama farkawa ba. Fasinjoji sun matsu a baya kafaɗa da kafaɗa, amma kujerar gaba babu kowa, an shimfiɗa mata farin ƙyalle mai tsabta.

"Kwalin Malama Lubna fa?"

"Na kai wa Alhaji Maikasuwa, ranka ya daɗe. Shi ya ce min kwastam sun riƙe."

"Ka gan shi a hannun kwastam ɗin?"

"A'a. Ai mu namu kaiwa ne."

Mele ya dafa kujerar gaban. "Wannan ta waye?"

Rilwanu ya matso da sauri ya gyara gefen ƙyallen da hannun Insifekta ya taɓa. "Ba ta kowa ba ce. Kujerar ce take da matsala."

Mele ya danna ta. Lafiyarta lau. Ya juya ya tafi.

Suka kama hanyar Babura a motar ofis. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ruwa ya kwanta a kwazazzabai yana ɗauke da hoton sama. Musaddiƙ yana tuƙi yana surutu, Mele yana ji kamar daga nesa ake maganar.

Rumfar Alhaji Maikasuwa tana kusa da kasuwa, cike da kwalaye da buhuna, kowanne da sunan mai shi. Mutum ne mai ƙiba da yawan rantsuwa.

"Wallahi Yallaɓai, mu ma a ruɗe muke. Yau a ce kayan da aka yi a gida ba haraji, gobe a ce akwai. Wannan ɓangaren su faɗi nasu da naira, wancan su faɗi nasu da sefa. Tun da aka sami saɓani tsakanin ƙasashen nan kowa da abin da yake ji. Mai kwali ɗaya ma sai ya rasa wa zai tambaya."

"Kwalin humrar yana ina?"

"Yana wajen kwastam mana. Ni duk kayana ta ƙofar boda suke bi."

"To tashi mu je mu gan shi."

Alhaji ya fara gumi tun kafin su isa. Jami'in da ke bakin aiki ya saurare su, ya buɗe musu ɗakin ajiyar kayan da aka kama. Buhunan shinkafa ne da jarkokin mai. Mele ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya shaƙi iska. Ba abin da yake tashi sai warin fetur.

"Ba mu riƙe turaren kowa ba," in ji jami'in. "Kuma wannan Alhajin na daɗe ban ga kayansa a ƙofar nan ba."

Da suka fito Alhaji Maikasuwa ya riƙo hannun Mele.

"Ka rufa min asiri, Yallaɓai. Gaskiya ta daji 'yan babur suke tsallakar min da kaya. Jiran ƙofa ya yi yawa, masu kaya suna ta kira. Amma na rantse da Allah kwalin nan bai taɓa shigowa rumfata ba. Rilwanu ne ya ce min an sauke shi a wani shinge a hanya."

"Ka yarda?"

"Yanzu wa ya san abin da ake riƙewa da wanda ba a riƙewa? In aka ce maka an riƙe sai ka ce Allah ya kyauta."

"Maganar dajin za ka yi ta da masu ƙofar," in ji Mele, ya zare hannunsa.

Washegari ya sa Lubna ta tara masa abokan sana'arta a gidansu. Mata ne masu sayarwa ta waya, daga Kazaure da Gwiwa, suka zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa. Tsohuwa Yagana tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno, tana fuskantar inda murya take. Mele ya durƙusa ya gaishe ta da Barbarci, ta yi dariya ta sa masa albarka.

"Wa ya taɓa rasa kaya a hannun Rilwanu?"

Hannuwa suka tashi. Wata ta ce leshi, wata ta ce mayafai, wata ta ce saitin akwatuna ne sukutum aka ce an riƙe.

"Wa bai taɓa rasawa ba?"

Mai sayar da hulunan maza ta ɗaga hannu, mai kilishi ma haka.

"Ni abin da ya ɗaure min kai, Yallaɓai," in ji wata mai suna Nafisat, mai sayar da takalma, "ba a taɓa riƙe min kwali duka ba. Sai a ce an cire ƙafa ɗaya ko biyu za a duba. Kuma kullum lamba talatin da tara."

"Kullum?"

"Kullum. Har na ce ko matar wani jami'i ce ƙafarta ke nan."

Matan suka yi dariya. Mele bai yi ba. Hankalinsa ya tafi wata shekara da ta wuce, lokacin da yayarsa ta baje akwatuna a tsakar gida tana jera kayan aurensa, leshi a nan, mayafi a can, takalma a ƙasa, turare a sama. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo.

Ya miƙe. "Rilwanu yana da aure?"

"Ba shi da shi," in ji Lubna. "Ba mu ma taɓa jin yana neman kowa ba."

"A ina yake kwana?"

"A Roni, gidan da ya gada."

Ranar Lahadi da azahar suka isa Roni da izinin kotu na bincike, Lubna tana bayan mota domin ta shaida kayanta. Gidan yana ƙarshen gari, gonar gyaɗa a bayansa. Motar Rilwanu tana ƙofa, an wanke ta, ruwa yana ɗiga.

Tun daga zaure Lubna ta tsaya cak.

"Humrar Kaka ce," ta faɗa a hankali.

Mele ma ya ji. Ƙamshin yana fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa da aka yi wa sabon fenti. Rilwanu ya fito daga ɗaya ɗakin da buta a hannu. Da ya gan su bai gudu ba, bai yi musu ba. Ya ajiye butar, ya ciro mukulli daga aljihu.

"Don Allah ku cire takalma," abin da ya ce ke nan.

Suka cire. Ɗakin a share yake, an shimfiɗa sabuwar leda, labule yana motsi da iskar taga. Akwatuna suna jere daga babba zuwa ƙarami, duk a buɗe. Leshi a ninke, mayafai kala-kala, takalma an jera su bakin bango kamar mai su ta shiga wanka ne yanzu za ta fito. A kan akwatin ƙarshe kwalaben humra suke, guda ɗaya ce kawai aka buɗe.

"Lefen waye wannan, Rilwanu?"

Ya zauna a bakin ƙofa. "Na Ummi Kulsum ne."

"Wace ce ita?"

"Ma'aikaciyar jinya ce a Babura. Gidansu yana Kazaure. Duk Lahadi da la'asar ni nake mayar da ita wajen aiki. A gaba take zama." Ya ci gaba kamar mai ba da labarin mafarki. "Wata rana takalminta ya tsinke a tasha, na kai mata wajen mai gyara. A nan na ga lambar. Ban yi niyyar komai ba, ranka ya daɗe. Sai ga kayan Nafisat, na ga irin ƙafar a ciki. Na ce bari in ajiye guda, in an tambaya in ce kwastam. Aka tambaya, na faɗa, ba wanda ya ja. Kowa ya saba da jira."

"Daga nan ka ci gaba."

"Duk abin da na gani sai in ga kamar ita ce a cikinsa. In na dawo daga aiki nakan buɗe ɗakin nan in zauna. Har muryarta nake ji tana cewa in miƙo mata wancan mayafin."

"An sa rana?"

"A'a."

"Ka tura manya gidansu?"

"A'a."

Mele ya dube shi sosai. "Ita ta san da maganar?"

Rilwanu ya kalli tafin hannunsa. "Ina jira kayan su cika tukuna. Direba ne ni. Na ce in zan buɗe baki, in buɗe da abin nunawa. Malam direba take ce min. Ban san ko ta san sunana ba."

Lubna ta taho da faɗa a bakinta tun daga Kazaure. Ta juyo ta dube shi. Da ƙyar ta ce, "Ka san abin da ake kirana da shi a Magarya saboda kai? Ka san tsohuwar da ta haɗa wannan ba ta gani yanzu?"

"Na sani. Ki yafe min."

"Ba ni kaɗai ba ce," in ji ta, ta juya masa baya. Ta ɗaga waya ta ɗauki kwalaben a bidiyo, za ta aika wa matar Magarya, tana cewa, "Hajiya, ga kayanki an gano. In Allah ya yarda amarya za ta shafa." Mele ya yi mata alkawarin za a sake su da zarar an gama shaida, kuma wannan karon ta ƙofa za su bi, shi da kansa zai tambayo abin da ake biya.

Musaddiƙ ya kwashe akwatunan zuwa mota. Rilwanu ya tsaya yana kallon ɗakin da babu komai cikinsa sai leda da labule, sannan ya miƙa hannuwansa aka sa ankwa.

La'asar ta yi lokacin da suka shigo Kazaure. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, ta zuba wani haske ruwan zuma a kan titi. Hanyar ofis ta gaban tasha ta bi. A bakin rumfar masu jiran mota wata mata tana tsaye da ƙaramar jaka, farar rigar aiki tana leƙowa ta ƙasan hijabinta. Ta dubi agogo, ta dubi hanyar Roni.

Rilwanu ya zame ƙasa a kujerar baya har kansa ya ɓace daga taga.

"Ranka ya daɗe, don Allah kada a rage gudu."

Mele ya yi wa Musaddiƙ alama ya wuce. Ta madubi ya hango wata mota ta tsaya a gaban matar, direban ya leƙo yana kiran Babura. Ta ɗan ƙara duban hanyar Roni, sannan ta buɗe ƙofar baya ta shiga.

"Ta tafi?" in ji Rilwanu daga ƙasa.

"Ta sami mota," in ji Mele.