Gorunan Bakin Gona

A garin Kibiya akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai saurin hannu amma mai son gajeriyar hanya. Yayanta Lukman ya fara sabuwar sana'a. Ya kafa rumfa a bayan gida yana tara robobin da aka zubar. Fasassun yakan tura Kano a niƙa. Gorunan ruwa masu kyau kuwa a wanke su tas, a sayar wa masu zoɓo.

Idan an tashi daga makaranta, yarinyar takan taya shi tsintowa.

"Saurara da kyau," in ji Lukman. "Goran da kika tsinta a gona, buhunsa daban. Kada ki haɗa shi da na cikin gari."

"To, Yaya," ta ce, hankalinta yana wurin wasa.

Ran Asabar ta bi Baba gonarsu ta Kahu. A bakin gona ta ga wasu goruna sumul, kamar sababbi. Ta kwaso su. Buhun gona yana can ƙuryar rumfa, ita kuwa sarauniyar ganda ta gaji. Ta watsa su cikin bahon wanki tare da sauran. Ai gora gora ne!

Washegari da safe maƙwabciyarsu, Inna Huseina, ta saye gorunan duka. Zoɓon taron suna za ta ɗura.

Da hantsi Baba ya shigo yana tambaya.

"Wa ya ga gorunan da na bari a bakin gona? Maganin feshi na auno a ciki. So nake in huda su in binne."

Yarinyar ta gane gorunan da ta kwaso jiya ne. Ta so ta yi shiru, amma ta tuna yaran da za su sha zoɓon.

"Baba, ni na ɗauko. Suna wurin Inna Huseina."

"Innalillahi! Ai ko an wanke, dafin ba ya barin roba!" in ji Baba.

Ta zura da gudu ko takalmi babu, Lukman yana biye. Suka tarar da Inna da mazurari a hannu.

"Inna, kada ki zuba! Akwai guba!"

Inna ta saki mazurarin. "Ban zuba ko ɗaya ba, 'yar nan. Jira nake zoɓon ya huce."

Yarinyar ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya.

Ba a iya bambance gorunan ba, sai aka huda su duka aka binne. Ranar a kofi aka raba zoɓon suna. Yarinyar kuwa ta daina zuwa wasan yamma har sai da ta tara wa yayanta wasu.

"Lukman, a wurinka zan ci gaba da saye," in ji Inna. "Tunda ba ku ɓoye mini ba."

Lukman ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kan ƙanwarsa.

Daga ranar ta gane cewa dokar aiki tana da dalili. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin ya cutar da wani.