Firijin Goggo Dije

Saura kwana biyu mu tashi daga gidan haya, kuma ga shi an ɗauke wuta. Kayanmu duk an ɗaure cikin buhuna da kwalaye, tabarma ɗaya ce ta rage a shimfiɗe. A kanta muke zaune bayan isha, ni da ƙanwata Rumasa'u da Yaya Ladidi, 'yar yayar Ummanmu, wadda ta zo daga Funtuwa taya mu haɗa kaya.

Yaya Ladidi ta haska tocila tsakar gida. Hasken ya tsaya a kan tsohon kabad ɗin da za a ba 'yan jari bola da safe.

"Wa ya ɗaure wancan?"

Na ce ni ce.

"Kin buɗe shi kafin ki ɗaure?"

"Ai ba komai a ciki, Yaya."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta kashe tocilar. Ta ce mu matso, kuma kada wadda ta katse ta. Ga yadda ta ba mu labarin.

A Funtuwa aka yi, a wani lungu da yanzu titi ya bi ta kansa. Mutumin sunansa Mudi, tela ne. Ba mugu ba ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Irin mutumin nan ne da zai sha koko a tsaye, ya ƙone harshe, ya koma yana yi wa mai kokon faɗa.

Gidan da yake ciki na Goggo Dije ne, ƙanwar babansa da ta rene shi, ta rasu ta bar masa. Wata safiya aka zo aka shafa wa bangon jan fenti. Za a faɗaɗa hanya. Kwana bakwai aka ba su, ranar ta takwas katafila za ta zo.

Mudi ya samu ciki da falo a wata unguwa. To, ina ciki da falo zai ɗauki tarkacen shekara arba'in? Dillaliya ta zo ta kwashi gado da langa da kwalla. Sauran ta ɗaga hanci. Kujerun kushin da kuɗin cizo ya cinye. Talabijin mai ƙusumbi. Fanka mai fiffike biyu. Sai firiji.

Firijin nan shekararsa tara bai yi sanyi ba. Yana tsaye a kusurwar ɗakin Goggo, fari ne amma ya koma ruwan ƙasa. Goggo ba ta taɓa barin ƙofarsa ta rufu ba. Wani tsohon silifas take tokare ta da shi. In tana shara sai ta zagaye shi a hankali. Kullum tana cewa, "Mudi, duk abin da ya daɗe a ajiye ba a amfani da shi, ya yi masu shi. Ranar da za ka fitar da shi, ka buɗe, ka yi sallama, ka ce za ku tashi. Ka ba su kwana guda su kwashe nasu."

Mudi ya ji maganar nan ya fi sau ɗari. Yana jin ta ne kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta.

Rana ta shida, da hantsi, 'yan jari bola suka zo da kurarsu. Matarsa Asabe ta riga ta wuce sabon gida da jaririyarsu 'yar wata bakwai. Aka fitar da kujeru, aka fitar da fanka. Da aka zo kan firiji, ƙofar ta yi ta lilo tana bugun mutane. Mudi ya sa ƙafa ya shure silifas ɗin. Ya danna ƙofar ta rufu. Ya ɗauko igiyar roba, ya yi bismilla kamar yadda bakinsa ya saba, ya naɗe firijin zagaye uku, ya ƙulle.

Ƙarti huɗu suka ɗaga shi suna nishi.

"Malam, me ke ciki?"

"Tsatsa. Ku yi sauri."

Suka tafi.

Rana ta take, zafi ya yi zafi. Mudi yana cikin gidan shi kaɗai yana ɓalle ƙyauren ɗaki da guduma. Sai ya ji sallama daga zaure. Muryar mace ce, amma kamar daga cikin tulu take fitowa.

Ya amsa. Ta shigo. Doguwa ce, ta rufe fuska da baƙin mayafi, da ƙaramar ƙwarya cike da ruwa a hannunta. Ba ta dube shi ba. Kusurwar ɗakin Goggo take kallo, inda firijin ya bar shatinsa a ƙasa.

"Ina akwatin?"

"Wane akwati, baiwar Allah?"

"Na kwantar da ɗana a ciki. Na je ɗebo ruwa."

Mudi ya so ya yi dariya. Sai idonsa ya sauka ƙasa. Diddigenta ne a gaba. Yatsun suna kallon zaure, inda ta fito. Kuma duk inda ta taka, ƙasar ta jiƙe.

Gudumar ta faɗi daga hannunsa.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"An faɗa maka."

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba.

"Ka ɗaure da sunan Allah. Ni ba zan iya kwancewa ba. Sai hannun da ya ɗaure." Ta ajiye ƙwaryar. "Iskar da ke ciki za ta kai shi magariba. Ka rufe nawa. Na rufe taka."

Ya ɗago kai. Ba kowa. Ƙwaryar ce kawai a ƙasa.

Ku sani, da gudu ya isa sabon gidan, ko takalmi babu. Ya tarar da Asabe zaune a tsakiyar buhunan kaya, jaririya a cinyarta, matan gidan sun zagaye ta.

"Tun hantsi take barci. Na tashe ta, ta ƙi. Na ba ta nono, ta ƙi. Taɓa ta ka ji."

Ya taɓa. Ana wannan zafi, jikin yarinyar kamar randa. Numfashinta ɗan siriri, sai ka kai kunne.

An kira malami ya yi tofi. An kira wata ma'aikaciyar asibiti da ke maƙwabtaka, ta duba ido, ta duba ƙirji, ta ce ita ba ta ga ciwo ba. Asabe ta riƙe rigar Mudi tana tambayarsa me ya faru. Ya kasa faɗa mata. Ya fizge ya fita, ya hau acaɓa.

Wurin 'yan jari bola na farko suka ce sun sayar gaba. Na biyu suka ce farin firiji kam sun ga goma yau, wanne a ciki? Na uku yana bayan gari, fili ne guda cike da matattun ƙarafa. Ya isa la'asar ta yi. Mai wurin ya nuna masa tirela da haɓa. An gama lodi, an ja tamfol, an ɗaure. Kudu za ta tafi, inda ake narkar da ƙarfe.

Mudi ya sami direban yana alwala, wani dattijo mai furfura.

"Baba, don Allah a sauke kayan nan. Akwai firijina a ciki."

"Tan talatin? Saboda firiji ɗaya?"

"Zan ba da keken ɗinkina."

"Keken ɗinki zai biya mini kwana guda a hanya? Matsa, ɗana."

Ya roƙi mai wurin. Ya roƙi masu lodi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya taɓu. Ya kama tamfol ɗin yana ja da hannu, suka janye shi. Ba shi da kuɗi, ba shi da ƙarfi, ba shi da maganar da wani zai yarda da ita. Sai ya durƙusa a ƙasa gaban tayar motar, babban mutum da gemunsa, yana kuka. Rana tana ta yin ƙasa.

Direban ya tada mota. Ya sauko don ya zagaya ya duba tayu, kamar yadda suke yi. A bayan motar ya tsaya cak.

Ruwa ne ke ɗiga daga kusurwa ɗaya. Ɗis. Ɗis. Ya tara hannu, ya janye da sauri. Sanyi kamar ƙanƙara. Ya dubi ƙasa. Sawun ƙafa ne a jiƙe, sun zagaye motar, sun sake zagayewa, sun sake, har ƙasar ta zama taɓo. Irin zagayen uwa. Kuma sawun duk a juye suke.

Dattijon ya daɗe a tsaye. Ya kashe mota.

"Ku sauke."

Ba wanda ya yi dariya kuma. Aka yi ta jifa da ƙarafa ƙasa. Injin niƙa, ƙafar gado, murhun gas, bodin mota. Firijin yana can ƙasan komai. Lokacin da suka kai gare shi, ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Masu lodi suka ja da baya. Mudi ya hau shi kaɗai. Ya zaro almakashinsa daga aljihu. Ya yanke roba ta farko. Ta biyu. Ta uku.

Ƙofar ta buɗe da kanta.

Ba komai a ciki. Sanyi ne kawai ya fito ya daki fuskarsa. Shiru. Shiru. Sai wani ɗan tari, ƙarami, kamar na ɗan akuya. Sai kuka.

Muryar tulun nan ta yi magana a bayan kunnensa.

"Ka makara kaɗan. Hannayensa sun sandare."

Bai waiwaya ba.

Da ya koma gida ya tarar da yarinyar ta farka tana shan nono. Asabe tana kuka tana dariya. Ya ɗauke ta. Jikinta ya yi ɗumi, kai, ƙirji, ƙafafu. Ban da hannayen.

Washegari da asuba ya buɗe ƙofar falo, ga firijin a tsaye. Ba sawun kura, ba sawun mota. Sau uku yana kai shi bola, da sallama da ban haƙuri, sau uku yana dawowa. A ƙarshe ya haƙura ya shigar da shi, ya cinye musu rabin falo. In ka sa ruwa a ciki, sai ya yi sanyi ba tare da wuta ba. Maƙwabta suna cewa Mudi ya dace. Shi kuwa bai taɓa shan ruwan ba. Har ya mutu da silifas yake tokare ƙofar.

Yaya Ladidi ta gyara zama. Can ta ce, "Don haka kada wadda ta ƙara rufe tsohon kaya ba ta yi sallama ba. Kuma ko da wasa kada ku bi ta bola ku kaɗai da tsakar rana."

Rumasa'u ta ce a hankali, "Yaya, yarinyar fa? Ta warke?"

"Miƙo hannunki."

Rumasa'u ta miƙa. Na ji ta ja numfashi. Ni ma na kai nawa cikin duhu. Watan Afrilu ne, gumi yana bin bayanmu, amma tafin Yaya Ladidi kamar an tsamo shi daga ƙasan rijiya. Sai a lokacin na tuna sunan babanta, Mudi, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya hana ni sakin hannun.

Ta zare hannunta ta miƙe.

"Zo. Ke kika ɗaure."

Na bi ta. Na kwance igiyar da kaina. Ta buɗe ƙofar kabad ɗin, ta cire silifas ɗinta ɗaya ta tokare.

"Salamu alaikum, masu wuri. Jibi za mu tashi. A yi mana afuwa."

Wallahi ni ban ji an amsa ba. Amma Yaya Ladidi ta ɗan sunkuyar da kai, ta saurara, sannan ta ce, "Lafiya lau. Shi ma yaron ya girma ko?"