Goron Da Aka Ba Ruwan Teku

Ranar da Rafi'u ya fara ganin Barakatu, da ido ɗaya ya gan ta, don ɗayan jini ya rufe shi.

A tashar jiragen ruwa ta Jidda ne, shekarar 1962, rana ta take tsaka. Rafi'u ɗan dako ne, Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno, ƙato mai sanyin magana. Yana aiki ƙarƙashin Haladu, shugaban 'yan dakon wannan ɓangare, wanda ba a ɗaga ko buhu ɗaya sai ya zana masa alli. Haladu kuwa, Allah ya kiyaye, ƙugiyar jan buhu ba ta barin hannunsa, kuma ba buhu kaɗai take ja ba.

Sai ga wani dattijo makaho, wata budurwa cikin baƙin mayafi tana riƙe da sandarsa. Alhaji Abdulghaffar ke nan, mai ɗan shagon goro a unguwar Sa'alaba. Wani Alhaji Idris ke aiko masa huhun goro uku ko huɗu daga Kano: babbar mota zuwa Sudan, jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan, sannan jirgin ruwa ya tsallako da shi. Tun da idonsa ya tafi, 'yarsa Barakatu ce idon shagon.

"Haladu, ka sa a ɗauke mana kayan nan daga rana," in ji dattijon. "Goro ne, ba siminti ba."

"Na ji, surukina."

"Ni ban san ranar da na zama surukinka ba."

"Abuya, ƙyale shi," in ji budurwar. "Sau uku ya aiko, sau uku na ba shi amsa. Halas."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Haladu ya harzuƙa, ya hankaɗe tsohon da gwiwar hannu. Rafi'u ya yar da buhun da ke kansa ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

"Haba shugaba, makaho ne fa!"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ƙugiya ta sauka a girarsa, fata ta dare, jini ya wanke masa rabin fuska. Ya shaƙo wuyan Haladu suka zube kan buhunan shinkafa, sai da mutum shida suka ɓamɓare shi. Da ya ɗago, ya ga budurwar ta yage gefen mayafinta tana miƙo masa.

"Danne da ƙarfi," ta ce. "Kai wane irin mutum ne, ana sararka kana kallona?"

Ya karɓa ya danne. Wallahi ciwon ma ya manta da shi.

Haladu bai kore shi ba, don babu mai ɗaukar abin da Rafi'u ke ɗauka, sai dai duk kayan da ke tsaga kafaɗa shi ake turawa. Rafi'u ko a jikinsa. A ƙofar tashar akwai Gwaggo Saudatu mai waina, ƙanwar Alhaji Abdulghaffar, bayan kwana uku ta tura masa wata 'yar takarda a ƙarƙashin faranti, rubutun ajami ƙanana.

"Zuwa ga Ɗan Sudan. Yaya girar? Kada ka bari ƙuda ya hau. Abuya yana yi maka addu'a, ni kuma ina bin ka mayafi. Barakatu."

Ya kwana biyu yana haɗa amsa.

"Zuwa ga Farin Goro. Gira ta warke, amma wani ciwon ya kama ni a ƙirji tun ranar, kuma mai maganin tana Sa'alaba. Mayafin ba zan mayar ba. Rafi'u."

"Ɗan Sudan, ashe kana da baki. In ciwon da gaske ne, ai ka san ƙofar gidanmu."

Wata huɗu waina na tafe da takarda. Rannan ya wanke farar jallabiyarsa ya je ya durƙusa gaban Alhaji a shago. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya laluba cikin kwando ya miƙa masa goro biyu.

"Wanne ne zai kai wata, wanne ne zai mutu jibi?"

Rafi'u ya juya su, ya sake juyawa. "Baba, duk ɗaya na gan su."

"To ka ji. Ka tare ni ranar da zan faɗi, na gode. Amma wanda zai auri Barakatu shi zai riƙe shagon nan tare da ita, kuma goro rai gare shi, yana jin ƙishi, yana jin zafi. Ba zan ba da 'yata ga wanda bai san shi ba. Tashi, ɗan nan."

Ya fito jiki a sanyaye. Barakatu ta leƙo ta bayan labule ta ce a hankali, "Kada ka karaya. Abuya ma ba da goro aka haife shi ba."

Kaya na gaba ya iso ana tsakiyar zafi, irin zafin Jidda mai danshi da ke sa mutum ya ji kamar an kife shi da tukunya. Haladu ya ƙi zana alli. Huhu uku suka yini a fili, suka kwana, suka sake yini. Rafi'u na wucewa yana ganin ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, yana bushewa yana murmushewa. Ya tuna maganar Alhaji: yana jin ƙishi. To ruwan daɗi a Jidda sai a garwa, sai ka nemo mai ruwa daga cikin gari. Ga teku kuwa shimfiɗe a gabansa, kyauta. Bawan Allah, da hutun azahar ya ɗauki bokiti ya yi ta ɗibowa yana kwarara wa huhunan har suka jiƙe sharkaf. Yana yi yana murmushi, wai shi ya yi abin kai.

Haladu na zaune a inuwa yana kallonsa, bai hana shi ba. Da yamma ma da kansa ya zana allin.

Kwana biyu bayan haka Alhaji ya aika a kira shi. Tun daga bakin lungu ya ji warin. An baje goron a tabarma, ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi, yana tsattsafo da ruwa. Barakatu na tsugune a gefe, idonta ya kumbura.

"Kai ka zuba wa kayana ruwan gishiri?"

"Ni ne, Baba. Na ga yana..."

Makaho ne, amma murya ya bi, sandar kuwa ba ta kuskure ba. Ta sauka a kunnen Rafi'u, ta sake sauka a kafaɗa, ta uku ta fasa masa leɓe. Bai kare ba, bai matsa ba.

"Haladu ya gaya wa duk Sa'alaba shi ya sa ka! Don na hana ka 'yata, ka haɗa kai da shi ku kashe ni? Fita! In na ƙara jin takunka a nan sai na tara maka unguwa!"

Washegari Gwaggo Saudatu ta dangwara masa faranti ba ta ko dube shi ba, takardar Barakatu na ƙarƙashinsa.

"Rafi'u. In da gangan ka yi, Allah ya isa tsakanina da kai. In wauta ce, to wautarka ta kusa rufe mana shago. Alhaji Idris ya rubuto cewa kayan da zai aiko kafin Hajji shi ne gwaji na ƙarshe, in ya lalace zai koma aika wa wani, kuma Haladu ya riga ya kai sunansa. Kada ka amsa."

Ba Ɗan Sudan, ba komai. Wannan ya fi sandar zafi. Ya karanta ya shiga bayan buhuna ya yi kuka kamar ba ƙato ba. Amma ya amsa.

"Farin Goro. Wauta ce, na rantse da wanda ya halicce ni. A garinmu goro sai a faranti nake ganinsa. Ki gaya mini abu ɗaya kawai, yaya ake ba shi ruwa?"

Sati guda shiru. Sannan wata guntuwar takarda ta zo.

"Ruwan daɗi. Yayyafi, ba kwarara ba. A rufe da jiƙaƙƙen buhu. Mai Gishiri kawai."

Ya sumbaci takardar. Zagin ma daɗi ya yi masa.

Jirgin ya iso saura sati uku Hajji, huhu huɗu. Haladu ya sa aka jere su a tsakiyar fili inda ko inuwar tsuntsu babu, ya tara 'yan dako.

"Wanda ya taɓa kayan makahon nan, ko ya matsa kusa da su, uwarsa ta haifi wani."

Alhaji da 'yarsa suna bakin ƙofa, an hana su matsowa. Rafi'u ya fita. Da hantsi ya dawo da sanda a kafaɗa, garwa biyu na reto, cike da ruwan daɗi, da tsofaffin buhuna a wuya.

"Ajiye," in ji Haladu.

"Shugaba, ban ɗaga kaya ba. Ruwa zan ba shi."

Mutum uku suka taso masa. Na farko ya maka masa gora a gadon baya, ya yi tangaɗi bai faɗi ba. Na biyu ya harbi garwar gaba, ta kife, ƙasa ta shanye ruwan nan take. Rafi'u ya sauke ta bayan a hankali, kamar mai sauke jariri, ya zare sandar ya juyo. Ya karya wa ɗaya hannu, ana jin ƙarar har ƙofa. Ya tura ɗaya cikin teku. Na ukun ya ja da baya.

Sai Haladu da kansa. Ya kai ƙugiya, Rafi'u ya goce, ta yage masa riga da naman haƙarƙari. Da zai kai ta biyu, ba mutumin ya nufa ba, garwar ya nufa. Rafi'u ya yar da sanda ya faɗa kanta ya rungume ta. Bayan ƙugiyar ya same shi a baki. Haƙora huɗu na gaba suka zube a ƙasa.

"Ya Rafi'u!" Muryar Barakatu ce ta tsaga filin. "Ku bar shi! Ku ji tsoron Allah!"

Haladu ya yi ta shurinsa a ciki, a baya, a ka. Rafi'u bai saki garwar ba. Da mugun ya tsaya jan numfashi, sai ya ja jiki da gwiwa, yana tura garwar gabansa har gindin huhu na farko. Ya tsoma hannu ya fara yayyafawa. Ya kawar da kansa gefe, don kada jinin bakinsa ya ɗiga a kan ganyen.

Abin da ya karya zuciyar 'yan dako ke nan. Wani tsoho cikinsu ya tofar da yawu ya ce, "Kai, wannan ba aiki ba ne, zalunci ne. Yalla, ku kama!" Mutum takwas suka ɗaga huhunan babu alli babu komai. Haladu ya ɗaga ƙugiya, aka murɗe hannunsa ta baya, aka danne shi a ƙasa har askarawa suka iso. Ƙugiyar kuwa wani ya wurga ta teku.

A kan amalanke ɗaya aka kai goro da Rafi'u Sa'alaba. Aka kwance huhu a gaban Alhaji. Ya cusa hannu can tsakiya, ya zaro ɗaya, ya shinshina, ya ɓare. Ƙas! Ya tauna, ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa.

"Ina yaron?"

"Ga shi kwance, Abuya. Ba ya iya magana."

Dattijon ya lalubo fuskarsa, yatsunsa suka bi ta kan tsohon tabon gira, suka sauko kan leɓen da shi da kansa ya fasa.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini. Tsintar goro da ɓara shi zan koya maka a wata uku. Abin da ka yi yau kuwa, ni ban san mai koyar da shi ba. Barakatu, kina son sa har yanzu, ga shi ba haƙora?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Abuya, dama ba don dariyarsa na so shi ba."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar shagon, Hausawan Sa'alaba da na Ammariyya suka cika lungu, 'yan dako suka zo da fararen kaya har ba ka gane su. Goron da aka raba daga huhun nan na farko aka ɗebo shi, Alhaji ya hana a sayar. Kowa ya ɓara yana sa albarka. Ango kaɗai ya riƙe nasa a hannu yana juyawa, yana murmushi da baki a rufe.

Da la'asar aka kai amarya. Bayan mata sun watse, ta lura da hannunsa a dunƙule.

"Mene ne wannan, Mai Gishiri?"

Ya buɗe. Farin goro ne, ya jiƙe da gumi.

"Na ɗaurin aurenmu ne," ya ce, maganar na fita da iska. "Kowa ya ci, ni na kasa."

Ta miƙe. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko ɗan magogi, irin wanda tsofaffi ke goga goro da shi, sabo fil, ashe tun yana jinya ta saye shi. Ta zauna kusa da shi ta goge goron tas a tafin hannunta, ta miƙa masa.

"Bismilla, Ɗan Sudan. Kullum ni zan goga maka, har ranar da nawa haƙoran za su zube mu nemi mai goga mana."

Ya karɓa ya zuba a baki. Ɗaci ya fara zuwa, sannan zaƙin ya biyo baya. Daga tsakar gida suka jiyo muryar Alhaji yana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, Gwaggo Saudatu na amsawa da amin tana rangaɗa guɗa.