Gashin da Leda Ba Ta Ja Ba

Shekara shida ina aikin dare a masana'antar leda ta bayan garin Tangerang. In inji yana naɗe leda, duk gashin da ya matso sai ya miƙe ya nufi naɗin, shi ya sa ba mai shiga da kai a buɗe. Ni kam har son abin nake. Tun da mijina Warsito ya tafi aikin jirgin ruwa, ba abin da ke shafa hannuna sai wannan jan da ledar ke yi wa gashin hannun.

Rannan ni kaɗai ce a layin injin, sai ga wata mata a gefena cikin tsohuwar rigar aikinmu, gashinta a sake har gadon baya.

Na ɗaga murya. "Yaya, rufe kanki, injin nan ba ya wasa."

"Na riga ki sani, ƙanwata. Kaɗaici ne ya ishe ni."

A hankali ta faɗa, amma duk ƙarar injin na ji ta sarai.

Ta sunkuya dab da naɗin, ko silin gashinta bai motsa ba. Na dubi hannuna. Gashin yana nan tsaye, sai dai ya juya wa ledar baya. Matar yake nufa.