Jaririn Farin Jirgi

"Ke ce! Wallahi ke ce... Amaryar Kumasi!"

Saura ƙiris tiren shayi ya suɓuce daga hannun Faridatu. Ta shirya wa abubuwa da yawa a wannan rana da mahaifiyar Junaidu ta taso daga Birmingham don ganin yarinyar da autanta ke son aura. Ta shirya wa kallon ƙurilla, ta shirya wa tambayar ko ta iya tuƙa tuwo. Ba ta shirya wa ganin kakarta, Hajiya Maimuna mai ciwon gwiwa, ta miƙe zumbur ta rungume baƙuwa a tsakiyar falonsu na Moss Side ba.

"Mai gadon ƙasa a jirgi!" in ji Hajiya Alima, mahaifiyar Junaidu, tana dariya tana hawaye. "Ashe kina raye? Ni da na ce matar nan ba za ta kai Liverpool ba!"

Daga bakin ƙofa Junaidu ya kashe wa Faridatu ido.

Dama jirgin ne ya haɗa su. Tana jami'a a unguwar Selly Oak ta Birmingham ta shiga kemis ɗin da yake aiki karɓar magani, ta ajiye wayarta a kan kanta. A bayan wayar akwai hoton farin jirgin fasinja mai bututun hayaƙi ruwan ɗorawa, cikin jiragen da wani kamfanin Liverpool ya sa aka ƙera bayan yaƙin duniya, masu safara tsakanin Legas, Tema, Freetown da Ingila.

"Wannan ai jirgin Mma ne, mahaifiyata," ya ce.

"Jirgin kakata dai," ta ce.

Suka ɗauka alama ce. Matasa na son alama, ba su cika tambayar alamar mene ne ba.

Tun Faridatu na ƙarama take jin labarin jirgin nan a bakin kakarta: makaɗa a bene na sama, Turawa na rawa, ana kaɗa ƙararrawa in lokacin cin abinci ya yi. Yau ma Hajiya Maimuna ta ɗauko shi.

"Wace rawa kika gani?" Hajiya Alima ta katse ta. "Tun daga Tema kike kwance kina amai, zazzaɓi ya rufe ki, ko sunanki ba ki sani ba! Ke ni ba wannan ba... ina jaririn? Ya rayu?"

"Ga shi nan kina kallonsa. Tijani, uban amaryarku."

Hajiya Alima ta dubi mutumin mai furfura a gemu, wanda bai ko cire rigar tuƙin bas ɗinsa ba. Ta dafe ƙirji.

"Ɗana! Zo nan, ja'iri! Kai da ka tsotse ni tun daga Freetown har Liverpool, ko barci ba ka bari na yi!"

Da dariya ta faɗa. Ita kaɗai ta yi dariyar.

Hajiya Maimuna, wadda ta tsufa tana koyar da yara a Islamiyya, ita ta fara komawa ta zauna, a hankali.

"Alima... me kika ce?"

"Cewa na yi..." Sai ita ma ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta juya ta kalli Junaidu, ta kalli Faridatu. "Innalillahi..."

"Ni na ɗauka madarar gwangwani aka ba shi!" in ji Hajiya Maimuna.

"Daddy? What's going on?" Faridatu ta juya ga kakarta. "Hajiya, don Allah ku yi mini bayani!"

Kakar ba ta iya kallonta ba. "In har babanki ya sha nononta, to ɗanta ne. Shi da Junaidu wa da ƙane ne. Ke kuma... 'yar wansa ce. Babu aure."

A wannan karon tiren ya faɗi.

Sati guda gidajen biyu ba su san daɗin abinci ba. Malamin da Tijani ya tuntuɓa ya ce maganar mace ɗaya, bayan shekara hamsin da wani abu, ba ta raba aure kai tsaye, amma a bincika ko akwai wadda ta gani. Akwai kuwa. Su uku ne a ɗakin jirgin. Ta ukun Celestina Bobai ce, 'yar Kagoro da ta hau daga Legas za ta zo karatun nas. Har yau tana Birmingham, duk Babbar Sallah Hajiya Alima na aika mata nama.

Ranar Asabar Junaidu ya ɗauko Faridatu daga tashar jirgin ƙasa ta New Street a Birmingham. Ya tsayar da mota a ƙofar gidan Celestina, bai kashe injin ba.

"Faridata, ki saurare ni. Mma ta tsufa. Jiya ta kira ni da sunan yayana."

"Amma kai ka san labarin jaririn jirgi."

"Tun ina yaro nake ji! Na ɗauka tatsuniya ce, ban san yana da suna ba, balle 'ya!" Ya bugi sitiyari. "Bari in fara shiga. Ta san ni, ita ta karɓi haihuwata. Minti biyar kawai."

"Ka ce mata me?"

Ya kawar da kai.

"Ka roƙe ta ta manta?"

"In roƙe ta ta tausaya mana! Ke ce rayuwata, Farida. Don wani abu da ya faru a tsakiyar teku, ba a haife ni ba, ba a haife ki ba..."

"Ni ma ina sonka, Junaidu, har numfashi na yi mini wuya. Amma in ka shiga kafin ni, duk abin da ta faɗa ba zan taɓa yarda da shi ba. Ka jira ni."

Mama Celestina ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, da gicciye a wuya. Ta saurari Faridatu har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Alima ta kira ni tana kuka," ta ce. "Ta ce da harshenta ya guntule kafin ta yi maganar. Zauna, 'yata. Ni a addinina babu wannan doka. A aikina ma na karɓi haihuwa ba iyaka, ban taɓa ganin nono ya canza wa yaro jini ba. Kuma ba lallai malaminku ya karɓi shaidata ba, ni Kirista ce."

Zuciyar Faridatu ta yi tsalle.

"Na haura tamanin. In na ce na manta, ko likitana zai sa hannu. To faɗa mini, wanne kika zo karɓa? Abin da ya faru, ko abin da zai ba ki miji?"

Ta taga Faridatu na hango motar, da kan Junaidu kife a kan sitiyari. Kalma ɗaya ce. Ba wanda zai sani. Za a ɗaura aure, za ta haifa masa yara masu irin dariyarsa... kuma duk jaririn da ta ɗora a ƙirjinta sai ta tuna.

"Ba malam ne ke tambaya ba, Mama," ta ce da ƙyar. "Ni ce."

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Kakarki ta ba ki labarin makaɗa da rawa, ko? Ni ma na ji kiɗan, ta cikin silin. Mu muna can ƙasa, kusa da injin, ɗaki ba iska. Bayan mun bar Freetown wani dattijo ya rasu. Kin san yadda ake yi a teku? A naɗe mutum a tamfol, a ɗinke, a tsayar da injin. Shirun nan ban taɓa mantawa da shi ba. Sai ki ji ruwa ya ce cuɓul. Sai injin ya tashi, a kaɗa ƙararrawar karin kumallo."

Faridatu ta rufe baki da hannu.

"Kakarki ba ta cikin hayyacinta, nononta ya ƙafe. Muka gwada madarar gwangwani, yaron ya dinga amayar da ita, ga gudawa. Likitan jirgi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Maɗigar kansa ta lotsa, kukan ma ya daina. Ni ina ta tunanin ɗan ƙanƙanin tamfol ɗin da zai ishe shi. Ita kuwa Alima ta baro jaririyarta a zangon Kumasi wajen uwarta, don mijinta ɗaki ɗaya gare shi a unguwar Sparkbrook, nan Birmingham. Rigarta kullum a jiƙe, tana kukan ciwo tana kukan kewa. Na dubi wannan, na dubi wancan."

"Sai ta ɗauke shi..."

"A'a. Tsoro ta ji, ta ce bari uwarsa ta farfaɗo a tambaye ta. Ni na ɗauke shi da hannun nan na ɗora mata. Ya kama. Ya sha har muka hango fitilun Liverpool. Da kakarki ta farfaɗo aka ce mata ya ci ya ƙoshi, ba ta tambayi me ya ci ba, kowa ya ja akwatinsa ya nufi garin mijinsa." Ta kamo hannun Faridatu. "In kina neman wanda za ki tsana, ga ni. Amma ki sani, da ban ɗora shi ba, da yau babu wadda za ta zauna a kujerar nan tana kuka."

Faridatu ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ta yi kuka har ta gode Allah.

Da ta fito, Junaidu ya riga ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gaba, inda ta saba zama. Idanunsa jajir.

"Me ta ce? Farida, me ta ce? Ta manta, ko?"

Ta tsaya ta dube shi, ta dube shi sosai, irin kallon da ta san ba za ta sake yi masa ba. Sannan ta tura ƙofar a hankali ta rufe, ta buɗe ta baya ta shiga.

"Ka fara kai ni Sparkbrook," ta ce, hawaye na ɗiga a kan hoton jirgin da ke bayan wayarta. "Ba wanda ya taɓa yi wa Mma godiya. Daga nan sai ka kai ni tasha... Baffa."